Saƙonnin Maman Zira

Ƙarfe biyar da minti arba'in na yammacin wata Laraba na fara cin amanar Maman Zira. Na san lokacin daidai domin wayarta tana hannuna na hagu, tawa tana na dama, kuma duka biyun abu ɗaya suka nuna. Ita tana tsugune gaban kasko tana juya gyaɗa, hayaƙi ya sa ta kawar da fuska, ba ta ga abin da yatsuna suke yi ba. Ko ta gani ma ba za ta gane ba. Na gama tura wa ɗanta saƙon da ta faɗa mini, maimakon in miƙa mata wayar kamar kullum, sai na sake buɗe shi, na kwafe shi a tawa kalma bayan kalma, har da inda ta maimaita kanta.

Amina da Faruku, kun sha jin kawunku Bello yana cika baki cewa uwarku ce ta fi kowa maki a darasin adabi a shekararsu, har malami ya riƙa ba da misali da ita. Gaskiya ne, an ba ni makin. In kun girma kun karanta wannan, za ku san na wane ne.

Gidanmu na unguwar Nassarawo a Mubi yana da ɗakuna biyu a baya da kakanku ya ba da haya, Maman Zira tana cikin ɗaya tun kafin in yi wayo. 'Yar dutsen Michika ce, Kirista, mijinta birkila ne ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Sana'arta gyaɗa: ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Duk tufafin gidanmu ƙamshin man gyaɗa suke yi. Ita da kakarku, wadda muke kira Dada, kullum cikin faɗa suke a kan kaji. Dada ta yi mata da Fulatanci, ita ta rama da Hausa, kafin magariba kuma ka same su a tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa suna gulmar kakanku. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "kai" ne, haka zan rubuta maganarta don haka kunnena ya riƙe ta.

Ɗanta Zira ya girme ni da shekara biyar. Ya sayar da babur ɗin ubansa ba da saninta ba, ran da ta ji ta tsaya a bakin ƙofa gaban abokansa ta ce kada ya sake taka mata ɗaki. Ya ɗauki jakarsa ya tafi, aka ce Fatakwal. Shekara huɗu ke nan a lokacin da nake ba ku labari. Lambarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Ita ba ta karatu, saboda haka duk Laraba da yamma sai ta kira ni in rubuta masa saƙo. A waje kuwa, in matan cocinsu sun tambaya, cewa take yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi. Ni kaɗai na san bai taɓa mayar da ko harafi ɗaya ba. Ta zaɓe ni ne saboda halina. Ni yarinya ce da in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan labule da littafina, mai ja wa kowane shafi layi da rula kafin in sa biro.

"Bakinka kamar an ɗinke," in ji ta ran farko. "Shi ya sa na kira ka. Abin da na faɗa a nan, a nan zai mutu."

Na ce to.

A shekarar ina aji biyu a makarantar gaba da sakandare, ina karanta Hausa. Malam Haruna, mai koya mana adabi, matashi ne mai zafin nama, ya gaji da mu. Ya ce muna karanta mutanen littafi kamar masu karanta allon kanti. Ya raba mana kwafin wani ɗan labari da ya rubuta da kansa bai taɓa bugawa ba, labarin wani ƙauye da wata tsohuwa, Inna Kande, da ɗanta Ɗanjuma wanda ya tafi birni ya yi shiru. Sannan ya kawo dabararsa. Kowa zai ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin ya buɗe masa shafi a Fesbuk, da sunansa da garinsu da sana'arsa, da hoton da ba fuskar mutum ba. Sau uku a mako za ka yi rubutu da bakinsa, ka kuma amsa wa sauran kamar yadda shi zai amsa. Ya ce a bar shafukan a buɗe don 'yan wasu azuzuwan su gani.

"Kada wanda ya kwafo mini abin da na rubuta," in ji shi. "Na san shi, ni na rubuta. Ku faɗa mini abin da mutumin nan zai ce ran da marubuci bai leƙa gidansu ba."

Ba zan yi wa dabarar ƙarya ba, ta tashe mu daga barci. Waɗanda ba su taɓa wuce shafi na uku na kowane littafi ba suka koma suna musu a kan ko mai gari zai karɓi abotar mai unguwa. Mutanen labarin ba su kai yawanmu ba, wani ya samu jakin mai gari, ya cika shafin da hoton dusa da ƙorafin kaya. Ni aka ba ni Inna Kande. Ɗanjuma kuma ya faɗa hannun Sadik, wani mai barkwanci da ke zama a bencin baya, wanda ban taɓa yi wa magana ba.

Na zauna na yi aikina yadda na saba. Na karanta labarin sau huɗu, na fitar da duk inda tsohuwar ta yi magana, na tara karin magana masu dacewa da rabuwa da haƙuri. Ran Talata Malam ya karanta rubutuna na farko a gaban aji, ya cire tabarau.

"Asma'u, wannan tsohuwa ce ko ƙamus? Uwar da ɗanta ya ɓace tana da lokacin jera karin magana uku a numfashi ɗaya?"

Aji ya fashe da dariya. An sha yi mini dariya a kan shiruna da tafiyata, ban damu ba. A kan aikina ba a taɓa ba. Shi ne kaɗai abin da nake da shi. Na koma gida kunnuwana suna zafi, washegari kuma Laraba ce. Ga abin da Maman Zira ta faɗa mini a ranar, idonta a kan kasko:

"Ɗana, gwaiba da ka shuka a bayan ɗaki ya yi 'ya'ya. Yara suna jifa, ban hana su ba, ban hana su ba. Magana da na faɗa a bakin ƙofa, bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Ƙofa yana nan yadda ka bar shi. In ba ka son magana, ka yi filashin kawai in san kana numfashi."

Na cire sunan Zira na sa Ɗanjuma, na gyara 'yan wuraren da Malam zai ja wa jan biro, na ɗora a shafin Inna Kande. Na gaya wa kaina aro ne, sau ɗaya, kuma ba wanda ya san ta a makarantarmu. Ran Alhamis Malam ya karanta shi a aji, bai cire tabarau ba. Sannan ya ce wannan shi ne adabi, wanda bai gane ba ya zo ya tambayi Asma'u. Wata a gabana tana goge ido da gefen hijabi. A ƙarƙashin rubutun Sadik ya amsa da bakin Ɗanjuma, ni kaina ban zaci yana da irin wannan a cikinsa ba: "Inna, na gani. Duk na gani. Kunya ce ta riƙe mini hannu. In an cire gyaɗa ina hanya." Daga baya na ji a teburin mai shayi ya rubuta shi, yana jiran a soya masa ƙwai.

Sau ɗayan nan ya zama sau uku. Na koma cikin wayarta na kwaso tsofaffin saƙonni. 'Yan ajinmu suka riƙa yaɗawa, waɗanda ba su san da wani darasi ba suka riƙa rubuta "Allah ya dawo miki da shi, Inna." Ina karantawa ina jin daɗi. Wannan ma ku sani.

Ran wata Lahadi bayan azahar ina wanke-wanke sai na ji muryar Maman Zira tun daga zaure. Ta shigo da zanen zumuntar matan coci a jikinta, takalmi ɗaya a hannu, bayanta wata Naomi, 'yar mawaƙan cocinsu mai koyon ɗinki. Naomi ce ta ga rubutun a wayarta, ta gane gwaibar da maganar bakin ƙofa, don ta san gidan, ta karanta mata a harabar coci har da amsar da ke ƙasa. Shafukan nan biyu kawai ta gani, ba ta san da mai gari da jakinsa ba.

"Ya amsa! Dada, fito, yaron ya amsa!"

Dada ta fito da ludayi a hannu. Maman Zira ta wuce ta, ta zo ta kama hannuwana da kumfar sabulu a jiki.

"Kai, Ma'u! Ashe shirunka na wayo ne. Ka ga waya ba ya ɗauka, sai ka sa a wannan abin da yake kaiwa ko'ina. Har sunana ka ɓoye don mutane kar su sani. Shi ma ya ɓoye nasa, ka gani? Kunya. Ubansa ma haka yake."

Ta sa Naomi ta sake karantawa. Da aka zo "kunya ce ta riƙe mini hannu" sai ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da zane. Dada tana cewa alhamdu lillahi, ita tana cewa na gode Yesu, duk a tsakar gida ɗaya. Ni ina tsaye. Jimla ɗaya ce ake bukata, na ma shirya ta a raina: Mama, ba shi ba ne, aikin makaranta ne. Na buɗe baki, na ga fuskarta, na ga Naomi tana kallona kamar na yi abin kirki, sai na ji kaina ina cewa:

"Allah ya kawo shi lafiya."

Kwana goma sha tara na yi a cikin wannan ƙarya. Na ƙirga su a lokacin, ina ƙirga su har yau. Ta daina jiran Laraba. Da safe kafin in tafi makaranta za ta tare ni a bakin rijiya, ta ce in sa a abin nan, in gaya masa an yi wa rufin ɗaki gyara, in tambaye shi ko har yanzu yana son miyar yakuwa da gyaɗa. Ni kuwa in sa. Sadik ya amsa, in dawo in karanta mata. Makina yana hawa, ita kuma tana ƙara ƙiba. Matar da sai Dada ta yi da gaske take cin loma biyar, ta koma tana neman ƙari. Ta sayo farar ƙasa ta shafe ɗakin, ta sayi sabuwar tabarma da zakara ja, ta ɗaure shi a gindin gwaiba. Lahadi ta biyu ta tashi a gaban jama'ar coci ta ba da shaida cewa ɗanta da ya yi shekara huɗu shiru ya yi magana. Wato da bakinta ta tona abin da ta shekara huɗu tana rufewa, saboda ta ɗauka ya wuce.

Sau ɗaya na tari Sadik a bakin aji, karon farko da na yi masa magana, na ce don Allah ya riƙa tausasa amsoshinsa.

"Kai, Inna Kande ta yi magana!" Ya dafe ƙirji. "Inna, ki yafe ni, birni ne ya lalata ni. Ki aiko da ƙuli-ƙuli."

Abokansa suka yi dariya, ni ma na yi murmushi na wuce. Bai san komai ba, ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Na riƙa gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni faɗa. Akwai tausayin, amma kaɗan ne. Abin da ya fi yawa tsoro ne: kada Dada ta ji, kada Malam ya san muryar da ya yaba ba tawa ba ce, kada in koma ƙamus. Na san ƙarshen labarin, na san Ɗanjuma zai dawo gida a babin ƙarshe, na kuma san ranar da za mu rufe shafukan a gaban aji. Na rubuta a littafina, na ja layi a ƙasa da rula: zan gaya mata ran Asabar, kwana shida kafin ranar. Na zaci har ƙarya ma ana iya tsara mata jadawali.

Malam ya matso da ranar da mako guda saboda jarrabawa. Da safiyar Juma'a muka shiga aji muka tarar ya aro na'urar haska bango da janareto. Ya ce yau kowa zai yi rubutunsa na ƙarshe a nan, muna gani. Ƙarfe goma da 'yan mintuna Sadik ya tashi, ya danna wayarsa, rubutun ya fito a bango da manyan haruffa: "Inna, mun wuce Mararraba. Yau a gida zan kwana." Aji ya ɗauki tafi. Ƙofa tana kusa da ni, keken haya zuwa Nassarawo bai fi minti goma sha biyar ba. Amma suna na gaba da Malam ya kira nawa ne. Na ce a raina Naomi tana shagon ɗinki, ba za ta duba waya ba sai yamma. Na zauna. Na tashi na karanta saƙonnin Inna Kande da ƙaramar muryata, aka tafa mini, Malam ya ce a cikin shekarunsa na koyarwa bai ga ɗalibar da ta shiga zuciyar uwa irin haka ba. Aka ɗauki hoto. Na tsaya har hoton.

Da na isa gida igiya ce kawai a gindin gwaiba, ga gashin zakara a kwano. Dada tana shara tana waƙa.

"Ina kika tsaya? Zira ya kusa! Tun sha biyu Naomi ta zo da gudu. Uwarsa ta dafa kaza ta tafi tasha, ta ce ba za ta bari ya hau keke da yunwa ba."

Ban ajiye jakata ba na juya.

Na same ta a inda motocin Yola suke sauke fasinja, a kan wani benci da 'yan kamasho suka ba ta. Ta sa zanenta na coci, kular abinci a kan cinya, ta rungume ta da hannu biyu. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe, ta leƙa fuskoki, ta koma ta zauna. Na tsaya bayan wata motar katako na kalli hakan sau uku kafin ƙafata ta yarda ta matsa. Wani ɗan kamasho yana ce mata, "Mama, ki kwantar da hankali, hanyar ce ba kyau, yanzu za ki gan shi." Da ta hango ni ta washe baki, ta matsa mini wuri.

"Zauna. Duba abin, ko ya sake magana."

Ban zauna ba. Na durƙusa a ƙasa, cikin baƙin mai da ɓawon rake, na faɗa mata. Ban iya kallonta ba, kular nake kallo. Na ce aikin makaranta ne. Na ce saƙonninta na ɗauka na sa a bakin wata tsohuwa ta cikin littafi. Na ce Zira bai taɓa gani ba. Ta gyara riƙon kular a kan cinyarta.

"Wanda yana amsawa ɗin, wane ne?"

"Wani ɗan ajinmu ne."

"Yana da uwa?"

"Yana da ita."

"Mutum nawa suka karanta?"

"Da yawa, Mama."

Wata mota ta shigo. Na ga jikinta ya fara tashi da kansa, sannan ta tuna, ta koma. Wannan rabin miƙewar ita ce abin da ban taɓa iya mantawa ba. Ta kira ɗan kamashon nan ta miƙa masa kular, ta ce su ci, su aika mata da kwanon. Ta tafi gida a ƙasa, ina binta a baya da tazara, ba ta waiwaya ba.

Ni na gaya wa Dada da bakina. Ba ta dake ni ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Matar nan ta goya ki ina zazzaɓi." Kakanku ya je da kansa ya ba Maman Zira haƙuri, ya ce ta zauna wata shida ba haya, ta ce ba ta sayar da komai ba balle a biya ta. Washegari Dada ta tura ni wajenta. Na durƙusa a ƙofarta tana matsar tunkuza, na ce ta yafe mini.

"Tashi," in ji ta. "Ƙasa yana da datti."

Na koma bayan mako guda, na koma bayan wata guda, amsar ke nan. Tana gaishe ni, tana ba ni ƙuli-ƙuli in ta soya, amma ba ta ƙara kirana ran Laraba ba. Ta yi Lahadi huɗu ba ta je coci ba. Na goge shafin. Da Malam ya tambaya, don yana son ya nuna wa wasu malamai, na ce lambar sirrin ce ta ɓace mini. Ya ba ni maki mafi girma a ajin, na karɓa. Har ya bar garin bai sani ba.

Shekarar da ta biyo baya 'yan bindiga suka shigo gari, aka yi gudun hijira. Kowa ya bar Mubi ta inda ƙafarsa ta kai shi, mu muka yi Yola, ita ta hau dutse wajen danginta. Da muka dawo ba ta dawo ba. Na gama karatu, na yi aure, na haife ku, na zama malamar adabi ni ma. Har yau ina amfani da dabarar Malam Haruna, sai dai a kan kwali muke zana shafukan mu liƙa a bangon aji, kuma tun ran farko nake gaya wa ɗalibaina: wanda ya ɗauko magana daga bakin mai rai, ya koma ya roƙi mai bakin. Suna ɗauka tsaurin malamai ne kawai.

Bayan shekara tara na haɗu da Naomi a kasuwa, ta ce Mama tana Vimtim, wani ƙauye kusa da Mubi, wajen ƙaninta. Na yi wata biyu ina ɗaga tafiyar. Ran wata Asabar da kaka na bar ku wajen Dada na hau babur. Aka nuna mini gona. Na same ta a ƙarƙashin wata tsamiya ita kaɗai, ga tulin gyaɗa da aka cire, tana tsinkewa tana jefawa a kwando. Ta rame, gashinta ya yi fari fat. Ta kare ido da hannu ta dube ni.

"Ma'u. Ka yi ƙiba. Dada yana nan? Har yanzu yana barin kaji suna yawo?"

Na ce tana nan, tana gaishe ta. Na zauna na ja reshe na fara tsinka. Ta tambayi 'ya'yana, na faɗi sunayenku, ta maimaita su. Na tambayi Zira. Ta ce wani ya ce ya gan shi a Legas, wani ya ce ba shi ba ne. Muka cika kwando ɗaya. Sannan na ajiye reshen, na ce Mama, sau uku na roƙe ki kika ce in tashi. Yau ba zan tashi ba sai kin gaya mini, ko e ko a'a.

Ba ta daina tsinka ba.

"Na yafe tun a tasha. Yaro ne kai. Kwana sha tara ɗin ma ban ƙi su ba, na yi barci, na ci abinci. Amma tunda ka ce in faɗa, zan faɗa. Daga ranar ban ƙara aika masa ba. Naomi ya ce in kawo ya rubuta mini. Na zauna, na buɗe baki, sai na ji kamar aji guda suna saurare. Magana ya ƙi fita. Na gwada, na gwada. Shekara tara, ko yana duba waya, ba abin da ya gani daga wurina. Ƙila yana cewa tsohuwa ya gaji, ya rufe ƙofa da gaske. Wannan ne ka ɗauka, Ma'u. Na yafe maka shi. Amma ba ka da inda za ka samo ka mayar mini."